Turke Mai Lamba Bakwai Yana Tafe Gidanmu

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta,
Ofishin Kula da Kufai, Tsofaffin Katangu da Duk Abin da Ya Haura Shekara Ɗari,
Hawa na huɗu, ƙofa mai labule.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ƙaramin ma'aikaci ke yi wa babba, a tsugune, ido a ƙasa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, a kan kujerar da ba ta motsi, cikin ginin da aka kafa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Mu ma nan lafiya lau muke, zuwa lokacin da nake wannan rubutu dai.

Ni ne mai gadin ƙofar kufan nan na kan tsauni, wanda hotonsa ke rataye bayan kujerarka. Ba ka san ni ba, kuma ba laifinka ba ne, domin shekara goma sha tara kacal na yi ina yi maka aiki. Gidan da ofishinka ya ba ni yana gindin tsaunin, shi ne na farko a jerin gidaje tara. Daga bangon ɗakin mahaifiyata zuwa inda gangare ya fara, taku ashirin ne. A gidan akwai ni, da mai ɗakina wadda ke ɗinki, da Inna. Damina kuma ta kama, an riga an yi ruwa biyu.

Sau uku ina rubuto maka ta hanyar da doka ta tanada. An tabbatar mini cewa takardun suna cikin fayil, fayil ɗin yana cikin kabad, mai makullin kabad ɗin kuma ya tafi kwas. Shi ya sa na rubuto wannan a buɗe, ko Allah zai sa wani ya karanta maka. Ba ƙara na kawo ba, Yallaɓai, wane ni. Laifi na zo amsawa. Ofishinka ya ba ni takardar yabo, ina so in faɗa maka yadda aka yi na same ta.

Na ɗaya. Shekara uku da suka wuce ka turo mana masana, su shida, kowa da hular kwano, da wata na'ura mai ƙafa uku. Sun ce sun zo duba ko ƙasar tsaunin za ta iya zaftarewa ta danne tsohuwar katanga. Suka kafa turakun ƙarfe goma sha biyu a jere, ƙetaren gangaren, sama da katangar, suka shafa musu jan fenti, suka rubuta wa kowanne lamba. Na farko da na ƙarshe a jikin dutse aka kafa su, sauran goman a cikin ƙasa. Layi ya miƙe sambal, gwanin sha'awa. Na matsa cikin ladabi na tambayi shugabansu amfanin turakun. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba, wannan aikin kimiyya ne. Kai dai ka sa ido, kada ka bari kowa ya taɓa." Na gode masa da ya hutar da ni daga nauyin ilimi. Bayanin, kamar yadda na ji daga baya, bai fi jimla biyu ba: idan ƙasa tana motsi, turakun cikinta za su bar layi, su kuma masana za su dawo su ga iya tafiyar da suka yi. Amma ina ruwan mai gadi da jimla biyu?

Na biyu. Mako guda bayan tafiyarsu, wani sashen ofishinka, wato Sashen Adanawa, ya turo nasa mutanen. Na fahimci sassan biyu a bene ɗaya suke, ƙofa na kallon ƙofa, sai dai ba su cika gaisawa ba. Suka ɗauki hoton kowane lungu na kufan, har da turakun, suka manna mini sanarwa a bangon rumfar gadi. Har yau tana nan, na haddace ta: duk abin da ke cikin shinge dole ya kasance yadda yake a hoto, abin da ya gusa, mai gadi ya mayar da shi wurinsa nan take, ya kuma rubuta a littafi. Wanda ya saɓa, a bakin aikinsa.

Ruwan farko na waccan shekarar, na hau zagaye da safe, sai na tarar turke mai lamba bakwai ya fita daga layi da faɗin yatsa biyu. Na ce shi ke nan, wani ya taɓa, kuma ni za a tambaya. Na gangara gida da sauri, na kwance igiyar shanyar mai ɗakina, na ari tef ɗinta na awo, na ɗauko guduma. Na ɗaure igiya daga turke na farko zuwa na ƙarshe, na cire mai lamba bakwai, na mayar da shi kan layi, na buga shi da kyau. Sannan na rubuta a littafi: rana kaza, lamba bakwai, inci ɗaya da rabi, an mayar.

Ruwa na gaba sai ga shi ya sake fita, ya kuma ja na shida da na takwas. Na zargi awaki, na zargi masu zuwa ɗaukar hoto, har na yi kwana uku ba na gaida wani maƙwabcina. Kowace safiya bayan ruwa ina kan tsauni da igiya da guduma. Da ƙasa ta tsage can sama da turakun, tsagar da hannu ke shiga har gwiwarsa, na tuna babu ita a hoto. Na kwaso ƙasa a baro na cike ta, na daddanne da ƙafa, na dasa ciyawa a kai. Damina uku ina wannan hidima, ban taɓa fashi ba. Yallaɓai, a duk ma'aikatanka akwai wanda ya bi umarninka kamar ni?

Na uku. Masananka sukan dawo sau ɗaya a shekara, da rani, lokacin da hanya ta bushe kuma takalmi ba ya ɓaci. Su iso da ƙarfe sha ɗaya, su kafa mai ƙafa uku, su leƙa, su kalli juna, su sake leƙawa. A zuwa na biyu na ji shugabansu yana cewa bai taɓa ganin tsauni mai natsuwa irin wannan ba, ko ƙwayar gero bai gusa ba. Ni kuwa ina gefe ina murmushi, ina jin daɗi a raina, don na san aikina ne ake yabo. Rahoto ya fito, ka sa hannu, aka buga hatimi. Aka shafa wa tsauninmu launin kore a taswirar ofis, ma'ana babu haɗari, kuma ba a sake bi ta kansa sai bayan shekara goma. Ni aka aiko mini takardar yabo saboda tsafta. Na ji an ce shugaban masanan ya je wani babban taro ya yi jawabi a kan sirrin natsuwar ƙasarmu, har aka tafa masa. Sirrin yana rataye a ƙusa cikin rumfata, da ƙotarsa ta icce.

Wata biyu da suka wuce suka zo zuwan ƙarshe, don rufe aikin. A cikinsu akwai wata injiniya mai gilashi, ita kaɗai ce a shekara uku ta taɓa zama kan bencina ta nemi ruwa. Idonta ya kai kan igiya da guduma, ta tambaye ni aikinsu. Ni kuma, da ɗokin a san ƙoƙarina, na ɗauko littafin na miƙa mata. Ta buɗe shafin farko, ta buɗe na biyu, ta cire gilashin ta goge ta mayar. Ruwan da na ba ta bai shiga bakinta ba. Can ta ce, "Baba, a ina kake kwana?" Na nuna mata rufin gidanmu daga nan inda muke zaune. Ta yi salati.

Ita ce ta haɗa mini lissafin, a bayan littafin. Turke mai lamba bakwai, sau arba'in da ɗaya na mayar da shi. Shekarar farko ya yi tafiyar inci tara, ta biyu sha tara, ta uku talatin da biyar. Ni ba injiniya ba ne, amma mijin tela ne, na san inci, na kuma san abin da ke ƙaruwa. Ranar ban iya cin abinci ba. Shekara uku tsauni yana yi mana sallama, ni kuma ina rufe masa baki da guduma, uwata tana kwance a ƙarƙashinsa.

Baiwar Allah nan ta koma ta rubuta maka. Amsar da aka ba ta, wadda ta kira ni ta karanta mini, ta burge ni ƙwarai. An ce littafin mai gadi ba na'urar kimiyya ba ne, tef ɗin tela ba shi da rajista, kuma rahoton da aka buga wa hatimi ba a warware shi. Daga nan aka mayar da ita sashen ƙidayar kujeru. Ina taya ofishinka murna, don na tabbata yanzu babu kujerar da za ta gusa ba a sani ba. Tambayata ɗaya ce, cikin ladabi: an kai wa tsaunin kwafin rahoton? Domin alamu sun nuna bai karanta ba.

Na huɗu. Bari in ba ka labarin gida, tun da gidanka ne. Ƙofar ɗakin Inna ta daina rufuwa. Kafintan layinmu ya fere ta sau uku, a na huɗu ya ajiye kayan aikinsa ya ce, "Maƙwabci, ƙofar nan ba ta da laifi, gidan ne ya karkace." Itacen da ke bayan ɗakin, wanda na sani a miƙe shekara goma sha tara, ya fara sunkuyo mana kamar mai neman gafara. Ruwa ja yana tsattsafowa daga gindin bangon kicin, inda ba famfo ba rijiya. Mai ɗakina kuwa, idan ta ajiye ƙwaryar zare a ƙasa, sai ta gangara da kanta ta nufi ƙofar waje. Jiya ta bi ta da kallo har ta fice, sannan ta juyo ta ce, "Malam, ka ga zare ma ya fi mu hankali." Tun da ta ji abin da na yi da igiyarta da tef ɗinta take kulle su a akwati, ta ce ba za a sake haɗa baki da kayanta a binne ta ba. Gaskiyarta ce kuwa.

Na biyar. Na yi wanka, na sa rigar aiki, na zo ofishinka da ƙafata. Ban wuce hawa na ɗaya ba, amma an karrama ni, an ba ni fom. Sunansa Fom ɗin Kai Rahoton Abu Mai Daraja da Ke Cikin Haɗari. Na rubuta gida. Akawun ya tambayi shekarun gidan, na ce talatin. Ya ja layi a kai, ya ce ofishin nan ba ya karɓar abin da bai kai ɗari ba. Na rubuta mai ɗakina. Ya ɗago ya dube ni, ya ja layi, bai ma tambayi shekarunta ba, wanda hakan ya taimake ni, don ni ma ba a faɗa mini. Sai na rubuta Inna, na ce ita a lissafinta casa'in da huɗu take. Bawan Allah nan, mutumin kirki, ya ciji biro, ya ƙirga da yatsu, ya ce cikin tausayi in dawo bayan shekara shida.

Na kawo wa Inna saƙon yadda aka ba ni. Ita har yau Auta take ce mini, ko da yake furfurata ta kusa kamo tata. Ta ce, "Auta, koma ka ce musu ni zan jira, ba inda za ni. Amma su aika su tambayi tsauni ko shi ma zai jira." To ga shi na isar. Wane sashe ne ke aika wa tsauni takarda, Yallaɓai, kuma mai makullin kabad ɗinsu yana gari?

Na shida. A ƙetaren titi, a fili mai faɗi inda ko tudun tururuwa babu, ofishinka yana da sito mai ɗaki huɗu. A kulle yake. Na leƙa ta taga, babu komai ciki sai alluna arba'in, sababbi fil, kowanne an rubuta masa da jan fenti: HATTARA, ƘASA NA IYA ZAFTAREWA. An yi su ne kafin rahoto ya fito, da ya fito kore aka ce kada a kafa, za su tsorata masu ziyara. Ina mai farin cikin shaida maka cewa allunan suna lafiya, ba ɗigon ruwa, ba abin da zai faɗo musu. A duk faɗin wurin nan su ne kaɗai aka kai inda haɗari ba zai same su ba.

Na roƙi makullin ɗaki biyu daga cikin huɗun, mu raɓa da allunan zuwa ƙarshen damina. Aka ce doka ta ce mai gadi ya kwana cikin taku ɗari daga ƙofar kufai, sito kuma taku ɗari da talatin ne, in na ƙetare na bar aiki. Ranka ya daɗe, na je na sake aunawa. Na tattare riga, na buɗe ƙafa iya buɗewa, mai ɗakina tana ƙirgawa, mutanen layi suna dariya. Casa'in da takwas ya zo. Na kwana biyu ina ɗingishi, amma casa'in da takwas ne, kuma dokar ba ta faɗi tsawon ƙafar da za a auna da ita ba. Sauran gidaje takwas ɗin kuma ba ma'aikatanka ba ne. Sun je wurin hukumar gari, an ce musu ba a tayar da mutane daga wurin da taswira ta ce kore ne. Su launi kawai suke roƙo a canza musu, ko da da biro ne.

Na bakwai, wannan kuma gudummawa ce ga ilimi, kyauta. A bakin ƙofar da nake gadi akwai babban allo da ke cewa har yau masana ba su gano dalilin da ya sa mutanen wannan tsohon gari suka ɓace ba. Kullum ina jin mai yi wa baƙi bayani yana maimaitawa: wataƙila yaƙi, wataƙila annoba, wataƙila fari. Ina nan lokacin da masu tono suka buɗe unguwar da ke can ƙasa. Da burushi suke aiki, a hankali, ko jariri ba a lallaɓa shi haka. Sun sami tukwane da murafensu a kai, dutsen niƙa da ɗansa a gefe, da ƙofar da aka sakale ta ciki. Duk wannan a ƙarƙashin jar ƙasa mai zurfin tsayin mutum uku, irin jar ƙasar da babu ita ko'ina sai a ƙoƙon tsaunin. Na taɓa goya Inna na kai ta bakin ramin don ta ga abin da ɗanta ke gadi. Kallo ɗaya ta yi ta ce, "Allah sarki, tsauni ne ya sauko musu." Inna ba ta da hatimi, don haka ban kai maganar ko'ina ba. Amma tun wata biyun nan, duk lokacin da na wuce ramin sai in tsaya ina tunani: su ma suna da mai gadi mai biyayya irina?

Yanzu ga laifin da na zo amsawa. Tun ranar da injiniyar nan ta yi salati a kan bencina ban sake taɓa turke ko ɗaya ba. Na rataye guduma. Ruwa biyu kacal aka yi bana, mai lamba bakwai ya riga ya bar layi da inci goma sha ɗaya a awon yatsuna, na shida da na takwas suna biye da shi, tsagar da na cike ta buɗe ta haɗiye ciyawar da na dasa. Wurin ya daina kama da hoto ko kaɗan. Wannan saɓa wa sanarwar Sashen Adanawa ne ƙarara, da gangan, a cikin hayyacina, kuma na rubuta a littafi. A shekara goma sha tara na lura cewa kwamitin duba haɗari yakan ɗauki shekara kafin ya zo, amma kwamitin ladabtarwa ba ya wuce kwana uku. Saboda haka ina roƙonka, don girman Allah, ka ladabtar da ni. Ka turo su da gaggawa. Su hau tsaunin da ƙafarsu su ga irin ɓarnar da na bari ta faru, su auna ta da tef mai rajista, su rubuta, su buga hatimi. In sun ga dama su taho da makullin sito, da injiniyar nan, in an gama ƙirga kujerun. Takardar yabon tana nan cikin leda, ban ɓata ta ba, sai su tafi da ita.

Idan kuma ayyuka sun yi maka yawa, na fahimta. Na san ofishinka ba ya manta kowa, jira kawai yake mutum ya cika shekara ɗari. Wata rana magadanka za su zo gindin tsaunin nan da burushi, su tone mu a hankali, cikin girmamawar da ba mu taɓa gani ba. Don in rage musu wahala, ga bayani a saka a fayil. Gida na farko shi ne namu. Ƙarfen da za su samu kusa da taga keken ɗinki ne, ba kayan tsafi ba, matar da ke kansa kuma ba sarauniya ba ce, ko da yake ba za ta ƙi a rubuta haka ba. Tsohuwar da ke ɗakin baya ita ce Inna. Ba ta gudu saboda ƙafa, lokacin kuma ta cika sharaɗin fom, sai a karɓe ta. Namijin da za su samu a bakin ƙofarta ni ne, ina ƙoƙarin ɗaukarta. Jan ƙarfen da ke kusa da mu, mai lamba bakwai, naku ne, a mayar da shi kan layi.

Alfarma ɗaya nake nema a kan allon da za a kafa mana. Kada a rubuta cewa ba a san dalili ba. A rubuta cewa an sani, an auna da tef ɗin tela, an kuma rubuto sau huɗu.

Hadari yana haɗuwa ta gabas, bari in je in kwashe shanya. Allah ya ƙara maka girma, ya ja zamaninka, ya dawo da mai makullin kabad lafiya.

Naka mai biyayya, biyayyar da ta kai mu inda muke,

Mai gadin ƙofar kufai,
Gida na farko, gindin tsauni,
wanda Innarsa ke kira Auta.